Gargaɗi ga 'yan'uwa a Sakkwato: ku yi hattara da mai tallan hayar jirgin su a tekun Legas

Assalamu alaikum. Ban so in yi wannan rubutu ba, amma jiya na ji wasu samari a Runjin Sambo suna haɗa kuɗi don su tura wa mutumin da ya cuce mu, sai na ga shiru ya zama laifi.

Mu gidanmu gidan Sarkawa ne. Na tashi ina riƙe wa mahaifinmu gora a Kwalkwalawa, na san koma, na san mamari, na je su a dam ɗin Goronyo ba sau ɗaya ba. Amma teku ban taɓa ganinta ba sai a waya, kuma tun ina yaro nake da burin in jefa ƙugiya a cikinta. Ta wannan ƙofar aka shigo mana.

Ƙanena ne ya fara ganin bidiyon a Facebook: farin jirgi mai inji biyu, mutane sanye da rigar ruwa suna ɗaga kifi kusan tsayin yaro. A ƙasa an rubuta da Hausa cewa ana ba da hayar jirgi na yini guda daga Legas zuwa cikin teku, da matuƙi da kayan su da abincin rana. Muka kira lambar. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne harshensa. Yana jin muryata ya ce, "Yallaɓai, kai Basakkwace na ko? Ai ni ma iyayena mutanen Yawuri na." Ya tambaye ni yadda giwan ruwa take bana, ya ambaci tarwaɗa da karfasa kamar wanda ya girma a bakin gulbi. Yau na gane cewa duk wanda ya zauna kasuwar kifi wata guda zai iya wannan hirar.

Mu biyar ne. Ya ce kuɗin yini naira dubu 400, mu ba da dubu 150 kafin alƙalami don a riƙe mana rana. Muka tura. Bayan kwana uku ya ce man fetur ya tashi, a ƙara dubu 60. Ana jibi tafiya ya sake kira, wai sai an biya kuɗin takardar izinin fita teku, dubu 8 kowane mutum, har ya turo hoton wata takarda mai hatimi. Nan ne babban yayanmu ya tsaya. Ya ce da ni, "Kai, wanga asusu da muka tura ma kuɗɗi, mi ya sa sunan mace ya fito, ba sunan kamfani ba?" Na kira mutumin, ya ce ai matarsa ce ke riƙe masa lissafi. Na karɓi wannan amsar don zuciyata ta riga ta tafi Legas, kuma har yau wannan ne ya fi ci mini rai, domin ni na lallashi sauran.

Muka hau mota, muka bi ta Kwantagora da Jabba da Ilori, muka kwana a hanya, muka sauka wajen wani ɗan'uwa a Agege. Da asuba muka nufi tashar jiragen da ya kwatanta mana a ɓangaren Lekki. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu, daga nan a kashe. Muka tsaya da jakunkunanmu har rana ta take. Wani dattijon matuƙi da ke wanke injinsa ya karɓi wayata ya kalli bidiyon. Ya sa babban yatsa ya faɗaɗa hoton, ya nuna mini rubutun da ke jikin jirgin da tutar da ke bayansa, ya ce wannan jirgi ba na Najeriya ba ne ma. Ya ƙara da cewa ba mu ne na farko da suka zo nan da wannan bidiyon ba.

Wannan dattijo ya faɗa mana abin da da mun sani da ba mu faɗa ba. Teku ba Rima ba ce. Ruwanta yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kuma matuƙi na gaskiya ba ya ce maka "ko da wane lokaci kuka zo sai mu fita", kamar yadda namu ya yi ta cewa. Mu kuwa a watan Yuli muka je, tsakiyar damina, lokacin da igiyar ruwa ta fi ƙarfi a gaɓar Legas. Masu jiragen kirki sun fi son rani. Takardun jirgi kuma, ko na hukumar NIWA ta tarayya ko na LASWA ta jihar Legas, masu kula da hanyoyin ruwa, mai jirgi ne ke nema ya riƙe, ba fasinja ake tura wa hoto a ce ya biya ba.

Don Allah, in har kuna son wannan tafiya, ba haram ba ce, kuma akwai masu sana'ar na gaskiya. Amma kusan babu gidan da ba shi da wani a Agege ko Idi-Araba ko Mil 12. Ku tura shi ya je tashar da ƙafarsa, ya taka jirgin, ya ƙirga rigunan ruwa, ya kira ku ta bidiyo yana tsaye kusa da matuƙin. Mu muna da irin wannan ɗan'uwan, a gidansa ma muka kwana, amma ba mu tuna da shi ba sai da kuɗi suka tafi.

Mun kai ƙara banki, mun kuma kai takardun tura kuɗin ofishin EFCC na nan Sakkwato. Shafin ya canza suna, amma bidiyon farin jirgin nan mai inji biyu yana nan, yanzu da tallan rangwame ga ƙungiyar mutum goma. Duk wanda ya riga ya tura masa ko sisi, ya adana shaidar tura kuɗin da saƙonnin murya, kada ya goge komai, ya kai su can a haɗa da namu.