Sonatocin Beethoven a kan fiyano irin na zamaninsa: faifan Ronald Brautigam

Na shafe makonni ina sauraron faya-fayen da kamfanin BIS na ƙasar Suwidin ya fara fitarwa a 2004, inda makaɗin nan ɗan ƙasar Holan, Ronald Brautigam, ya kaɗa sonatoci 32 (wato dogayen kiɗa masu kashi-kashi na fiyano shi kaɗai) na Beethoven, marubucin kiɗa ɗan ƙasar Jamus. Bai yi amfani da babban fiyano na yau ba, sai waɗanda Paul McNulty ya ƙera a Jamhuriyar Cek bisa tsarin Anton Walter da Conrad Graf, mashahuran masu ƙera fiyano na birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a zamanin Beethoven.

Bambancin yana cikin jikin abin kiɗan. Fiyanon yau yana da ƙashin baya na ƙarfe da maɓallai 88, shi kuwa na Biyana a shekarun 1790 katako ne zalla, maɓallansa kimanin 61, ƙananan gudumominsa masu bugun tsirkiyoyi an lulluɓe su da fata, kuma da gwiwa makaɗi yake ɗage abin da ke danne tsirkiyoyi, ba da ƙafa ba. Saboda haka sauti yana fita da kaifi, ya kuma ɓace da wuri.

Inda na fi jin amfanin wannan shi ne a sonatar 1801 da ake wa laƙabi da Hasken Wata. Beethoven ya rubuta cewa a kaɗa kashi na farko gaba ɗaya ba tare da an danne tsirkiyoyi ba, umarnin da idan aka bi shi a fiyanon yau sai sautuka su cakuɗe, kunne ya rasa na kamawa. A nan kuwa ragowar sautin tana tsayawa ne kamar hazon safiya a bayan waƙar, har na maimaita wurin sau uku a dare guda. A kashi na ƙarshe kuma, lokacin da Brautigam ya saki hannu, ana jin katakon yana ruri kamar zai tsage, abin da ya fahimtar da ni yadda Beethoven yake neman fin ƙarfin kayan aikin da ke gabansa.

Ba a rasa nono a ruga, haka ma ba a rasa abin cewa: a wasu wurare masu sanyi na so a ce ya ɗan sassauta gudu, kuma wanda kunnensa ya saba da kaurin fiyanon yau zai ji sautukan sama sun yi siriri a kwanakin farko. Ni dai bayan mako guda na daina lura da hakan, kuma shawarata ga mai saye ita ce ya fara da sonatocin farko kafin ya kai ga Hammerklavier, doguwar sonata daga cikin na ƙarshe-ƙarshe.