Fadar Turawa ko fadar gida? Amsa ga ƙanwarmu mai son rubuta labarin yarima

Tun shekaranjiya ƙanwarmu ta ajiye tambaya a zauren nan, na ga kowa ya manna mata alamar yabo ya wuce, ba wanda ya tsaya ya amsa. Ga abin da ta ce a taƙaice: tana ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, tana son rubuta labarin matasa mai soyayya da aljanu da makircin gidan sarauta. Shin ta kafa shi a irin fadar Turawa da ta saba karantawa a littattafan Faransanci, mai dogon bene da rawar dare da aljana mai ƴar sanda, ko kuwa a fada irin tamu ta Damagaram? Wanne ya fi daɗin rubutu, wanne ya fi riƙe mai karatu?

Ƙanwata, na gwada duka biyun. Na farko a hannuna ya mutu, na biyu da ƙyar ya miƙe. Bari in jera miki su gefe da gefe, ki gani da idonki.

Yawancin masu fara rubutu daga tufafi suke tashi: can doguwar riga da kambin zinariya, nan alkyabba da rawani. Ajiye wannan tukuna. Abin da ke tuƙa labarin fada tambaya ɗaya ce, wato wa zai gaji sarki. A Faransa ta zamanin sarakuna babban ɗa namiji ne magaji, mace ba ta hawa. Ranar da aka haife shi an gama magana. Shi ya sa mai labarin irin wannan fada dole ya yo cefanen fitina daga waje: mayya ta yi baki, ko a sace jariri, ko ƙanin sarki ya yi kwaɗayi. A wurinmu fitinar a cikin gida ake haifarta. Kowane ɗan sarki yana kwana da rabon gado a zuciyarsa, kuma kowannensu yana da fadawansa, da malaminsa mai yi masa addu'a, da attajirin da ke ba shi rance yana jiran ranar biya. Ba sai kin je nesa neman misali ba. Ibrahim da Tanimun, ƴaƴan Sarki Sulaiman, sun yi shekaru suna karɓe-karɓen sarautar garin nan, wannan ya hau wancan ya sauka, Shehun Borno yana sa baki daga Kukawa. Daga baya ta zauna wa Tanimun har ya rasu a 1884, shi ne kuma ake tunawa da ganuwar Birni da igogin da aka ƙera a garin nan. Wa da ƙani, uba ɗaya, gado ɗaya. Me za ki yi da mayya bayan wannan?

Sai maganar mata, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin nan ne naman yake. Sarkin Turawa matarsa ɗaya. Saboda haka muguwar matar uba ba ta shigowa labari sai an binne uwar yarinya. Yarinyar marainiya ce, ita kaɗai, ba mai tsaya mata, kuma tausayin maraicin nan ne ke jan mai karatu. Abu ne mai sauƙin rubutawa, ba na musu. A namu kuwa uwa tana raye, kishiyarta tana raye, ɗaki yana kallon ɗaki, tukunya ɗaya ake ci. Tun muna yara muke jin tatsuniyar ƴar mowa da ƴar bora, mun san yadda ake raba tuwo a ba wata tsoka a ba wata ƙashi. Ki ɗora wannan a gidan da ke da matan aure huɗu da sa-ɗaka, inda ɗan kowacce zai iya zama sarki, sai ki ga kishi ya tashi daga rabon kwana ya koma siyasar ƙasa. Ki lura ma ɗaya daga cikin ƴaƴan Tanimun da suka yi sarauta, Sulaiman ɗan Aisa ake ce masa, da sunan mahaifiyarsa. A gidan da ƴaƴa suka yi yawa, ɗakin da ka fito shi ne tutarka.

Kada wani ya ce na ce Turawa ba su san kishi ba. A fadar Sarkin Faransa Luwi na 14 an yi badaƙalar guba tsakanin 1677 da 1682, aka kama masu sayar da guba da masu duba, har sunan macen da sarki ya fi so ya shiga bakin masu bincike. Amma waɗannan mata son sarki da dukiyarsa suke takara a kai, kambi kuwa na zuriyar sarauniya ne. Tamu bora kuwa, in ta yi haƙuri ta iya allonta, wata rana ita ce uwar sarki.

Na ce miki labarina na farko ya mutu. Gimbiya na rubuta, tana tafe ita kaɗai cikin dusar ƙanƙara, abin da ban taɓa gani ba sai a hoto. Na zauna ina karanta wa gwaggona da dare, tana ɓare gyaɗa a faranti. Ta saurara har shafi na shida, sannan ta ɗago kai ta ce, “Wai ita wannan ƴar sarkin ba ta da dangi ne? Ba gwaggo, ba kuyanga, ba mai ce mata ina za ki?” Na rasa amsa. Ƙanƙarar ba ta dame ta ba ko kaɗan. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne ƴar sarki ta fita ba wanda ya gan ta.

Wannan ya kawo mu kan soyayyar. A nan, gaskiya, fadar Turawa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Suna da rawar dare: ɗaki ɗaya, kiɗa, yarima ya miƙa hannu, yarinya ta kama, su yi magana fuska da fuska, kafin gari ya waye an kamu. Shafi uku kin gama haɗa su. A namu ba ki da wannan gajeriyar hanya. Yarima ba zai kama hannun kowa a bainar jama'a ba. Abin da kike da shi ido ne da aike. Ki ɗauki ranar hawan Sallah: algaita tana kuka, dogarai cikin ja da kore suna kore mutane, ƙura ta tashi, shi yana bisa doki amawali ya rufe masa baki, idanu kaɗai ake gani. Ita tana tsaye bakin wani zaure a Birni cikin ƙawayenta. Dokin ya ɗan tsaya inda bai kamata ya tsaya ba, daƙiƙa biyu, ya wuce. Ƙawayen duk sun gani, ba wadda ta ce uffan. Bayan kwana uku sai ga wata tsohuwa ta shigo gidansu wai ta zo gaida uwarta, ta sha ruwa, ta yi hirar tsadar hatsi, da za ta tafi ta manta ɗan ƙulli a kan tabarma: goro fari guda bakwai da ƴar kwalbar turare. Yanzu uwar ta sani, yarinyar ta san uwar ta sani, kuma kunya ba za ta bar ɗayarsu ta buɗe baki ba. Wannan ya fi wuyar rubutu, amma mai karatunki ba zai ajiye waya ba, domin kowane saƙo ta hannun mutum yake bi, mutum kuwa ana iya sayensa. Jakadiyar da ta kai goro ita ce za ta iya kai labarin ɗakin kishiyar uwar yarima kafin magariba.

Akwai kuma inda hanyoyin biyu suka rabu ƙwarai. A nasu, yarima ya auri ƴar talaka shi ne abin al'ajabi, da an ɗaura aure an rufe littafi. A namu sarki ya auri ƴar talaka ba labari ba ne. Labarin yana farawa ranar da aka kai ta, aka wuce da ita zaure bayan zaure, ta tarar da matan da suka riga ta shekara ashirin suna mata lale da fara'ar da ba ta kai ciki ba. In kuma kina son shingen da zai hana auren tun farko, muna da namu: ki mai da ita ƴar mahauta ko ƴar maroƙa, ki ji abin da dangin yarima za su ce. Ki sa wanta ya zama gwanin hawan ƙaho da duk gari ke tafa masa, amma ba mai son haɗa jini da shi.

Aljanun fa? Tasu aljanar mai kyauta ce: ta kaɗa sanda, ga riga ga karusa, sharaɗi ɗaya, ki dawo kafin sha biyun dare. Namu ba ya ba da komai a banza. Yana zaune a tsamiya ko kuka ko tsohuwar rijiya, yana da sa'o'insa, tsakar rana da almuru, kuma in ya taimake ka akwai alkawari, alkawarin kuma yakan bi jini har jikoki. Tsohuwar bakin rafi da ke cewa “cuɗa mini baya” ladabi take aunawa kafin ta ba da komai. Masu bori ma suna da birnin iskoki sukutum, Jangare, da sarkinsa da fadawansa, har da Ɗan Galadima, ɗan sarki mai ado da ɓarnar dukiya. Ga layar zana, ga maganin ƙarfe, ga kurciya. Ki yi tunanin yariman da kowa ke sa ran shi zai gada, an wayi gari ya ɗaura sirdi ya bar gari ba dalili, ya kasa dawowa, kuma yarinyar nan kaɗai ta gane jifa ne. Kuma tunda garinmu gari ne na duwatsu da ƙishirwa, inda yaro ke tashi ya san darajar jarka ɗaya ta ruwa, masarautar da wata aljana ta riƙe wa idon ruwa a ƙarƙashin dutse ba za ta buƙaci dogon bayani ba.

Sai dai a nan fadar Turawa tana da wata riba da ban isa in ɓoye miki ba. Aljana mai sanda ba ta taɓa imanin kowa, kowa ya san wasa ne. Sammu da kurciya kuwa akwai masu karatunki da suka yi imani an yi wa ɗan'uwansu. Akwai iyayen da za su leƙa wayar ƴarsu su ga boka yana cin nasara su ce a goge. Dole ki san yadda za ki taka, wa ya yi asiri, me ya jawo masa, wa ya tsaya ga addu'a.

Riba ta biyu ita ce ba mai kama ki da kuskure. In kin ce sarkin wata ƙasar ƙanƙara yana cin abinci da fadawansa yana ƙyaƙyata dariya, wa ya sani? A labarina na biyu na sa yarima ya shiga fada ya ce “Baba, ina da magana”, sarki ya amsa da ƙarfi. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi dogarci ya ji ana karantawa, ya yi dariya har da tari. Ya ce tun daga waje za a tuɓe takalmi, a shiga a zube, a yi jinjina, a ce ranka ya daɗe, dogarai ne za su amsa da “sarki ya gaishe ka”, shi kuwa ko ya yi magana can ƙasa-ƙasa ce, sai na kusa ya ɗaga ta. Ɗa a gaban fada bafade ne kamar kowa. Na sake shafi goma sha biyu saboda wannan gyara, amma daga nan na fahimci wanda ke tsaye tsakanin bakin sarki da kunnen jama'a shi ne mai iko na gaske. Tarihinmu ma ya nuna haka. A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya musu tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa, suka damƙa garin a hannun Bellama, wanda bawan fada ne, sarautar ba ta koma gidanta ba sai 1923. Mugun labarinki ba lalle ya zama mai rawani mai kunne biyu ba, yana iya zama mai riƙe da mabuɗi.

To in ni ce ke, fadar gida zan ɗauka, da sharaɗi ɗaya: ki ƙirƙiri masarautarki, ki raɗa mata suna, ki ba sarakunanta sunayen da ba na kowa ba. Jikokin waɗanda na ambata suna nan cikin Birni, wasu ma ajinku ɗaya, ba za ki ɗora wa kakarsu guba da asiri ki zauna lafiya ba. Ki ari tsarin, ki bar mutanen. Mu da muke da wasan kara, inda ake yin rawani da doki da karan hatsi a kwaikwayi manya kowa ya yi dariya ba a ɓata ba, mun san yadda ake wannan.

Ki fara da tsohuwar nan mai goro. Rubuto mana shafi biyu kawai, daga sallamarta a ƙofar gida zuwa lokacin da uwar ta kwance ƙullin, ki turo zauren nan kafin Alhamis. Ina son in ga wa tsohuwar take yi wa aiki.