Sharhi: Wata uku ina sauraron Rubberbandits

Wani abokin aikina ɗan garin Limerick ne ya fara kunna mini bidiyon waƙar "Horse Outside" ta mawaƙan barkwanci Rubberbandits a wayarsa lokacin hutun cin abinci. Abin da na fara gani shi ne maza biyu sun rufe fuskokinsu da ledar kanti, an huda wajen idanu da baki. Gaskiya ban so ba. Amma kiɗan ya maƙale mini a kai, har na nemi kundinsu mai suna Serious About Men, wanda ya fito a 2011, na riƙa saurarensa a hanyar zuwa aiki da dawowa.

Su biyu ne, Blindboy Boatclub da Mr Chrome, dukkansu 'yan Limerick, birnin da ke bakin kogin Shannon a ƙasar Ayalan. Tun suna makaranta suka fara da buga wa mutane waya suna tsokana suna naɗar muryar, daga baya suka koma waƙa.

"Horse Outside" ta fito a Disamba 2010 ta wani shirin barkwanci na gidan talabijin na RTÉ. Labarin saurayi ne a wajen biki yana neman ƙawar amarya. Abokan takararsa kowa na taƙama da motarsa, wannan Honda, wancan Subaru, shi kuwa doki ya ɗaure a waje. Da farko na ɗauka shirme ne kawai, sai abokin nan nawa ya bayyana mini cewa a unguwannin talakawan Limerick samari na kiwon dawaki da gaske a tsakiyar gari. Kuma waƙar ta fito ne makonni kaɗan bayan da ƙasar ta karɓi tallafin ceto na Yuro biliyan 85 da Tarayyar Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) suka shirya, lokacin da mutane da yawa suka rasa aiki, bashin gida ya yi musu katutu. Mai doki da ya kayar da masu mota a irin wannan lokaci ba ƙaramar magana ya faɗa ba. Waƙar ta zo ta biyu a jerin waƙoƙin da aka fi saya a ƙasar a makon Kirsimeti na shekarar.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba sa kwaikwayon Amurkawa. Da harshen unguwarsu suke rerawa, Turancin Limerick tsantsa, har ma sun yi wa ɗaya daga cikin waƙoƙinsu sigar harshen Ayalan na asali. Wannan kuma shi ne wahalar. Sati biyu na yi kafin kunnena ya saba, kuma har yanzu akwai baitocin da sai na tambaya.

Ga gargaɗi ɗaya: akwai ashar da batsa a yawancin waƙoƙin. Ba kundin da za a kunna a gaban yara ko iyaye ba ne, ni kaina akwai waɗanda nake tsallakewa. Wasu kuma dariyar sau ɗaya ce, in ka ji ka gama.

Waƙar da ta sauya mini ra'ayi gaba ɗaya ba ta cikin kundin. Sunanta "Sonny", ta 2017, tana roƙon wani saurayi kada ya kashe kansa. Na saurare ta sau uku a jere a cikin bas, na tuna da wani ƙanin abokina da ya yi shekara guda yana kulle kansa a ɗaki, mu duka muna cewa girman kai ne. Blindboy ya daɗe yana magana a fili kan damuwa da ciwon ƙwaƙwalwa tsakanin samari, kuma shirin murya da ya fara sakawa a intanet a 2017, yana fita duk mako, nan ya fi zurfafa wannan batu. Ledar kuma har yau bai cire ta ba, ya ce tana ba shi damar shiga kasuwa kamar kowa ba tare da an tsare shi ba.

Wanda zai gwada, shawarata ya fara da "Sonny", sannan ya koma baya zuwa kundin.