Hattara da masu tallan "irin alayyahun kakanni" a WhatsApp

Jama'ar Kano, musamman 'yan uwana mata masu shuka a buhu da bokiti a tsakar gida, akwai wani talla da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook. Wai irin alayyahu ne na gargajiya da ya ɓace daga kasuwa, an samo shi a hannun tsofaffi a wani ƙauye, ganyensa faɗin tafin hannu, ƙwari ba sa taɓa shi. Ƙulli ɗaya naira 5,000, a tura kuɗi tukuna, ɗan sahu ya kawo har ƙofar gida. Don girman Allah kada ku saya.

Maƙwabciyata ta saya, a gabana aka kwance ƙullin. Farar leda ce, ba suna, ba kwanan wata. Da muka juye a faranti muka baza da yatsa, fiye da rabi yashi ne da garin gawayi. Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, baƙi mai sheƙi, bai kai ƙwayar gero ba, kuma masu lambu kan gauraya shi da yashi lokacin yafawa don kada ya cunkushe a wuri ɗaya. Da wannan al'adar mai tallan ya fake. Da ta yi ƙorafi sai ya ce, "Ai Hajiya na sauƙaƙa miki ne, na riga na haɗa miki." Ta shuka a buhu shida. Alayyahu na ƙwarai cikin kwana 3 zuwa 5 yake leƙowa, wata ɗaya an fara tsinka ana miya. Nata kuwa buhu huɗu ko tsiro babu, sauran biyun suka fito da alayyahun daji mai ƙaya a gindin ganye, irin wanda ke fitowa a juji ba wanda ya shuka shi. Ta kira shi, ya ce ta cika ruwa. Ta sake kira, ya ce ta ƙaro 2,000 a aiko mata da "maganin tsiro". Kira na uku ya toshe lambarta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙaryar ɓacewar. Yaushe alayyahu ya ɓace a Kano? Ku je Yankaba da safe ku ga yadda ake sauke shi dami dami, ko ku leƙa lambunan Kwakwaci. Tushe ɗaya idan aka bar shi ya yi kai ya bushe, iri dubbai yake bayarwa. Haka rama da yakuwa da lalo, duk iri ne da iyayenmu ke ajiyewa a kwalba ko ƙullin tsumma daga damina zuwa damina, maƙwabciya ta ɗebo miki kyauta. Mai lambun da kike sayen ganye a wurinsa ma zai auna miki a farashin da bai taka kara ya karya ba, kuma gobe kin san inda za ki same shi.

Duk irin da ya shigo hannunki, gwada shi kafin ki ɓata taki da ƙasa. Ƙirga ƙwaya 20, ki shimfiɗa a jiƙaƙƙen ƙyalle, ki naɗe ki ajiye a inuwa, kada ki bari ya bushe. Bayan mako ɗaya ki buɗe. In waɗanda suka tsaga ba su kai rabi ba, tsohon iri ne ko matacce. Lalo ne kaɗai za a yi wa uzuri, domin ɓawonsa tauri ne da shi, sai an ƙulle shi a tsumma an tsoma a ruwan zafi na 'yan daƙiƙoƙi sannan ya tsiro da kyau.

In kuwa irin kamfani ne na fakiti, a duba sunan kamfanin da kwanan wata da shaidar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, wato NASC. Dokar hukumar ta 2019 ta haramta sayar da jabun iri, akwai tara har da ɗauri.

Wadda ta riga ta tura kuɗi, kada kunya ta sa ta yi shiru. Ta ajiye shaidar turawar da hotunan hirarsu, ta kai wa bankinta da 'yan sanda, sannan ta sanar da shugabar zauren da ta ga tallan a cire shi. Mutumin yana sauya lamba da suna, amma hoton alayyahun da yake ɗorawa guda ɗaya ne, da shi za ku gane shi.