Na sayo madubin kallon taurari don in raba gardama, ashe fetur na sayo mata

Ga masu tambayata yaya madubin hangen nesan nan yake, ya ci kuɗinsa ko asara na tafka, to ga bayani, amma ku yi haƙuri zai ɗan ja don maganar ta haɗa da Kawu.

Asalin abin 'yata ce, tana aji biyu na babbar sakandare, ta dawo da labarin wai sammai da taurari da duk abin da ido ke gani daga wani matsattsen yanayi mai tsananin zafi suka faro, shekara biliyan 13.8 da suka wuce, abin da Turawa ke kira Big Bang, wato babbar fashewa. Muna cin tuwo ta faɗa, Kawu na zaune. Ƙanin mahaifiyata ne, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, mutumin da rediyo ba ta barin kunnensa kuma tunda nake ban taɓa ganin an kayar da shi a musu ba. Ya ajiye loma ya ce, "Wa ke wurin? Wa ya gani?" Ni kuma da ƙarambani na ce bari in sayo madubi kowa ya duba da idonsa.

A wani shagon kayan kyamara na same shi cikin gari, ba zan kira suna ba. Yaron shagon ya ce min "Alhaji da wannan har ƙarshen sama sai ka gani", na biya abin da ya kai kuɗin buhun shinkafa da ɗoriya na ɗauko. Faɗin gilashin gaba milimita 70 ne, tsawonsa daga gilashin zuwa inda haske ke haɗuwa milimita 400, sai 'yan gilasan sa ido guda biyu, mai lamba 25 da mai lamba 10. Lissafin ba wuya, ka raba 400 da lambar, na farko yana girmama abu sau 16 na biyu sau 40. Akwai wani bututun roba da suka ce yana ninkawa uku ya kai sau 120, wannan kam ku jefa shi a kwandon shara, dishi-dishi kawai yake ƙarawa. Hotunan jikin kwalin nan masu shuɗi da ja da ruwan goro kuwa ba da wannan madubin aka ɗauke su ba, ko kusa.

Babban ciwon kai ƙafafunsa. Wallahi kamar na zakaran da ya sha ruwan sama, iska kaɗan ta kaɗa sai abin da kake kallo ya hau rawa, ka ɗaure kusa ya sunkuya da kansa, ga shi gajere sai ka durƙusa kamar mai neman gafara. Sai da na rataya masa jarkar ruwa a tsakiya sannan ya natsu. Takardar bayanin ma ba ta da amfani, makwabcinmu malamin fiziks, Ticha muke ce masa, shi ya haɗa mana ya saita ɗan ƙaramin madubin da ke gefensa da tsakar rana, yana auna tankin ruwan wani gida. Kuma shi ya ja kunnen yara, kada wanda ya kuskura ya kalli rana da shi, makanta ce nan take.

Amma fa daren farko da muka hau saman bene muka juya shi ga wata, na yafe masa rabin laifinsa. Ramuka da tsaunuka ɓaro-ɓaro, musamman a bakin inda haske ya haɗu da duhu, uwargida da ta ce ba ruwanta sai ga ta ta ƙi ba kowa wuri. Duniyar Jufita ma mun gan ta, 'yar ƙwallo fara da ɗige-ɗige huɗu a jere, watanninta ne, waɗanda masanin Italiya Galileo ya fara gani a 1610, kuma gobe in ka duba sun sauya wuri. Zara matar wata ashe gefenta a gutsure yake. Kaza da 'ya'yanta da muka saba ƙirga shida ko bakwai, a ciki sun fi ƙarfin ƙirga. Shawara, ku yi kallonku ƙarshen damina kafin hazo ya sauko, don in hunturu ya kankama a Kaduna sai dai wata kaɗai. Kuma karon farko a rayuwata da na yi murna an ɗauke wuta, sai dai janaretocin unguwa ba sa barin duhun ya cika.

To a dare na huɗu ne aka yi ta. Ticha ya karkata madubin arewa ya daɗe yana lalube, ya ce Kawu bismillah. Kawu ya duba ya ɗago ya ce gilashin ya yi datti. Ticha ya ce ba datti ba ne Baba, Andromeda kenan, garken taurari ne guda kamar namu, hasken da ya shiga idonka yanzu ya baro can shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce. Gaskiya ni jikina ya yi sanyi, ɗan tabo ne kamar an goga alli da yatsa, amma wai abin da kake gani tsohon labari ne, duk nisan da ka hanga baya kake kallo.

Daga nan Ticha ya shiga bayani. Ya ce kalmar fashewa ce ke ruɗa mutane, ba irin ta tukunyar gas ba ce da abu zai tarwatse a cikin ɗaki, sararin ne kansa ke buɗewa, kamar kwaɓin fanke da aka barbaɗa wa riɗi, yana kumbura kowace ƙwaya na nisa da 'yar'uwarta ba tare da ta taka ko'ina ba. Wani limamin coci ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, shi ya kawo lissafin a 1927, sai Edwin Hubble a 1929 da madubi mai faɗin inci 100 a Kalifoniya ya nuna garkunan taurari na nesa suna guduwa, wanda ya fi nisa ya fi sauri. Yadda ake ganewa, ka tsaya kusa da layin dogo a Rigasa, hon ɗin jirgi in yana tahowa siriri ne, in ya wuce sai ya yi kauri, to haske ma haka, na abin da ke guduwa yana karkata zuwa ja.

Kawu ya ce to wannan tabon naka da wane gudu yake guduwa? Ticha ya sosa ƙeya ya ce a'a, shi Andromeda tahowa yake, wajen kilomita 110 a duk daƙiƙa, saboda kusa yake da mu janyewar nauyi ta fi ƙarfin buɗewar. Kawu ya tuntsire da dariya har da tafi. Garken taurari ɗaya tak da madubina ya iya nunawa, shi ma ya ba da shaida a ɓangaren Kawu.

Abin da ya burge ni da Ticha bai ɓoye komai ba. Shi da kansa ya faɗa wa Kawu cewa yana da magabata a wannan musun, Fred Hoyle, babban masani ɗan Ingila, shi da abokansa biyu a 1948 suka ce sararin ba shi da farko, yana buɗewa ana ƙara sabon abu a hankali yana cike gurbi. Shi ne ma ya laƙaba sunan Big Bang a wani shirin rediyon BBC a 1949, kuma har ya mutu a 2001 bai sallama ba. Kawu da ya ji an ce BBC sai ya gyara zama. Amma abin da ya karya ra'ayin Hoyle, wasu mutum biyu ne a Amurka, Penzias da Wilson, a 1964 eriyarsu ta dame su da wani shuuu ta kowace fuska suka juya ta, dare da rana, har suka zargi kashin tattabarun da suka yi sheƙa a ciki suka share, ƙarar tana nan. Ashe ragowar zafin farkon nan ne, hasken da ya kuɓuta shekara dubu 380 bayan farawa, ya huce har ya kai wajen digiri 270 ƙasa da sifili, kuma tun kafin a same shi masu lissafi sun ce za a same shi. An ba su kyautar Nobel a 1978. Ga kuma awon iskar haidurojin da hiliyam a sararin, kusan kashi uku cikin huɗu da kashi ɗaya cikin huɗu, daidai yadda lissafin ya ce. Nan Kawu ya yi shiru, ya koma korar sauro.

Sai 'yata, wadda don ita aka yi sayayyar, ta koma bayan kakanta. Ta ce Malam ai ka ce mana kashi 5 cikin ɗari kawai na abin da ke sararin aka san ko mene ne. Ticha ya ce haka ne, wajen kashi 27 wani ɓoyayyen abu ne da ake ganin janyewarsa ba a ganinsa, sauran kuma wani ƙarfi ne da aka gano a 1998 yana ƙara wa buɗewar sauri, suna kawai aka ba su. Kuma saurin buɗewar kansa ana rigima a kai, masu awo da tsohon hasken nan suna samun lamba wajen 67 a ma'auninsu, masu awo da taurarin kusa suna samun wajen 73, kowa ya sake duba aikinsa ya ce shi ke da gaskiya. Madubin James Webb da aka harba sararin samaniya ranar 25 ga Disamba 2021, mai faɗin mita shida da rabi, ya hango garken taurarin da ya riga ya kafu shekara miliyan 290 kacal bayan farawa, da haske fiye da yadda aka zata. Kawu ya ce to ka ji, kashi 95 ba ku sani ba amma kun san ranar haihuwa.

Ni dai abin da na fahimta, kuma ra'ayina ne, musun Kawu daban na masanan daban. Su yawancinsu ba sa jayayya cewa sararin ya taɓa zama a matse da zafi yana kuma buɗewa, rigimarsu a kan lambobi take da yadda taurarin farko suka yi saurin haɗuwa da abin da ya faru a ƙiftawar farko, inda lissafin nasu ke tsayawa cak. Abin da ke gabanin haka, ko Wanda ya sa aka fara, ka'idar ba ta ce komai ba. Ƙanina ustazu da ya hawo daga baya ya ce ai magana ta ƙare, aya ta 30 a Suratul Anbiya ta faɗi sammai da ƙasa a haɗe suke aka raba su. Ticha ya ce shi ma ya yi imani da ayar, amma yana tsoron ɗaure ta a jikin lissafin da gobe za a iya gyarawa, ya ce ko a 1951 da Fafaroma ya yi irin wannan murnar, Lemaître da yake limami bai ji daɗi ba. Suka ɗauko wani sabon musun, na sauka na kawo shayi.

Hukuncina a kan madubin, uku cikin biyar. In wata da Jufita kake so yara su gani, saya, amma ka tanadi kuɗin wasu ƙafafun masu ƙarfi ko jarkar ruwa, kuma ka nemi wanda ya iya ya saita maka. In garkunan taurari kake so, Ticha ya ce madubin nan mai ido biyu irin na 'yan kallon sukuwa ya fi sauƙin sarrafawa a wannan kuɗin. In kuma don ka ga Big Bang ne kamar yadda yaron shago ya yi min alkawari, riƙe kuɗinka, ba da ido aka gano shi ba.

Wanda ke son ya zo ya gwada kafin ya saya sai ya ɗan jira, madubin ba ya hannuna. Kawu ya aiko an ɗauka wai zai duba jinjirin wata da shi, yau sati uku kenan, jiya na kira ya ce min watannin Jufita uku ya gani ba huɗu ba, in gaya wa Ticha ya zo ya yi bayani.