Dirhami 48,000 na ba shi ya yi min rajistar kamfani a Dubai, ya miƙo min lasisin bogi

Jama'a, sati uku ke nan ina haɗiye maganar nan, yau ta ƙi haɗiyuwa. Dirhami 48,000 wani mutum ya karɓa a hannuna da sunan zai yi min rajistar kamfani a Dubai. Dirhami 48,000, sama da dala 13,000 ke nan. Babu kamfani, babu biza, babu kuɗin, wayarsa kuma a kashe.

Kafin wani ya ce min sakaci ne, ya tsaya ya ji. Ni ba baƙon Dubai ba ne. Shekara 11 ina shiga ina fita, ina sayen kaya a Deira, ban taɓa barin ko dirhami ɗaya a hannun ɗan damfara ba. Na gaji ne da bin bayan wasu, kullum kayana na fita da sunan kamfanin wani, ina biyan la'ada a kan gumina. Na ce bari in yi nawa, da lasisina, da asusun banki da sunan kamfanina. Laifi ne wannan?

Abin da ya hana ni barci shi ne ranar farko. Na je ofishinsa da kuɗi a jaka. Ofis ne sosai, hawa na sama, da mai karɓar baƙi a ƙofa. Na zaro kuɗin zan ƙirga, sai ya ɗora hannunsa a kan nawa ya ce, "Alhaji, riƙe kuɗinka. Sai ka ga takarda da idonka." Riƙe kuɗinka. Ku gaya min, wane ɓarawo ne ake miƙa wa kuɗi ya ce a riƙe? A nan na saki jiki. Na fito ina cewa a raina Allah ya haɗa ni da mutumin kirki. Har yanzu ina jin nauyin hannun nan a kan nawa.

Kuma ya kawo takardar. Wannan shi ne abin da mutane ba sa ganewa in ina ba su labari. Takardar kama sunan kamfani ta gaske ce, takardar amincewar farko ma ta gaske ce, daga hukumar tattalin arziki ta Dubai suka fito. Na duba da kaina, sunan da na zaɓa yana nan. Sai daga baya aka fahimtar da ni cewa waɗannan biyun su ne matakai mafi sauƙi da araha a duk aikin, kuma amincewar farko ba ta ba mutum izinin sayar da ko allura. Izini ne kawai na ci gaba da neman lasisi. Shi kuwa ya karɓi 6,000 a kansu.

A banki asirin ya tonu. A'a, bari in koma baya, na tsallake babban kuɗin. Bayan 6,000 ɗin nan da kamar kwana goma, ko ma kafin nan ne ya fara jefa min maganar, ya ce baƙo ba ya mallakar kamfani shi kaɗai a cikin gari, dole sai an sa ɗan ƙasa ya riƙe kashi 51, ni in riƙe 49. Ya ce yana da kafili mutumin kirki, ba ruwansa da riba, nasa kawai 25,000 a shekara. Ban yi musu ba. Me zai sa in yi musu? Tun da na fara zuwa ƙasar nan haka nake jin ana yi, kowane ɗan kasuwa ya san zancen kashi 51. Kuma gaskiya ce, a da. Dokar da aka yi wa gyara a 2020 ta fara aiki ranar 1 ga Yunin 2021, daga ranar baƙo yana iya mallakar kamfaninsa ɗari bisa ɗari a yawancin sana'o'i. Waɗanda aka keɓe su ne irin su tsaro, banki, inshora da sadarwa. Ni saye da sayarwa nake yi. Ba na buƙatar kafili ko kaɗan. Dokar da ta riga ta mutu ya tono ya sayar min a kan 25,000. Ya san abin da na sani, ya kuma san inda sanina ya tsaya.

Na ce ina son ganin kafilin. Na ce, wallahi na ce, yana cikin saƙonninmu. Ya ce yana Abu Dhabi. Wani satin ya ce ya yi tafiya. Ya turo min hoton katin shaida an rufe rabinsa, wai don sirri.

Sai 17,000 na ƙarshe, kuɗin lasisi da hayar ofis da Ejari, wato rajistar yarjejeniyar haya, da somin-taɓin bizar mai zuba jari. 6,000, 25,000, 17,000. Ku haɗa ku gani, 48,000. Na ukun nan asusunsa na kansa na tura, domin ya ce na kamfanin nasu ana sabunta shi. Na yi jim a lokacin, ba zan ɓoye ba. Sai na tuna ranar farko. Mutumin da ya ce min riƙe kuɗinka, zan tsaya ina tuhumarsa a kan lambar asusu?

Lasisin ya zo ta WhatsApp, da tambari, da lamba, da sunana ɓaro-ɓaro. Na buga shi a takarda mai kauri. Na tura wa yayana, na tura wa abokan cinikina biyu, suka yi min murna da addu'a. Wannan ita ce kunyar da ta fi kuɗin ciwo. A banki, ma'aikaciyar ta buga lambar a kwamfuta, ta sake bugawa, ta kira wani, sannan ta ce min a hankali lambar nan ta wani kamfani ce daban, ba ta da alaƙa da sunana. Ina tsaye, mutane na bayana a layi. Ban san yadda na fito ba.

Daga nan ofishin na nufa. Mai karɓar baƙin ta ce tebur ɗaya yake haya wata-wata, ya kwashe nasa tun makon jiya. Wanda ya haɗa ni da shi kuma yanzu yana ce min shi ma sau biyu kacal ya taɓa ganinsa. Sau biyu! Da wane baki ka ce min "mutuminmu ne, na san shi"?

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, an karɓa. Sunansa da hotonsa ba zan sa ba tukuna, lauya ya ja min kunne cewa dokar ɓata suna a intanet ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana da tsanani, mutum na iya zuwa da ƙara ya koma wanda ake ƙara. Shi ya ci kuɗina, ni ake ce wa in yi hattara da bakina.

Mai shirin buɗe kamfani a can, ka buga lambar lasisi a shafin hukuma da hannunka, ta wakilin da zai yi maka aikin ma ka buga. Kuɗin gwamnati ka biya gwamnati ka karɓi rasit. Kada ka tura ko dirhami asusun mutum. Wanda ya ce maka dole sai da kafili, ka je hukumar ka tambaya.

Ni dai ban yafe ba. Dirhami 48,000, kuɗin kayan da ya kamata in loda a watan nan. Da daddare zan ɗora rasit ɗin biyan kuɗin guda uku da hoton lasisin bogin, in na gama rufe sunaye. Akwai kuma saƙon murya da ya turo min daren ranar farko, yana maimaita cewa in kwantar da hankalina, in riƙe kuɗina. Ban goge shi ba, jiya ma sau huɗu na saurara.