Garkuwar fuska ta yara masu wasan sofbol: ta ƙarfe ko ta roba, kuma wa za a tilasta wa sawa?

Malamin wasannin da ya samu kayan sofbol, wasan da ake buga ƙwallo da sanda mai kama da besbol, don makarantarsa a nan Bauchi yakan fara ƙirga sanduna, ƙwallaye, safar hannu da hular kwano ta mai bugu. Abin da aka fi mantawa da shi shi ne garkuwar fuska ta masu tsaron fili, wato ragar nan da ake ɗaurawa daga goshi zuwa haɓa. Ra'ayinmu a kanta tun daga farko: ta cancanci kuɗinta, kuma ga irin filayenmu da ranarmu ta ƙarfe ta fi ta roba. Sai dai fuska kaɗai take karewa, kuma wadda aka ɗaura ba daidai ba tana iya ji wa yarinya ciwo da kanta.

Mu fara da dalilin da ya sa ake buƙatarta. Ƙwallon da manyan 'yan mata ke wasa da ita kewayenta inci 12 ne, nauyinta tsakanin giram 180 zuwa 200, cikinta daskararre, bayanta fata. Ta ƙananan yara inci 11 ce, ita ma ba ta da tausayi. Filin kuma a matse yake. Tsakanin tasha da tasha, wato wuraren da mai bugu ke gudu ta taka bayan ta buga ƙwallo, mita 18.3 ne, alhali a besbol ya haura mita 27. Mai jifa tana tsayawa mita 13.1 daga mai bugu idan babba ce. A tsarin Amurka 'yan shekara 12 zuwa ƙasa suna jifa daga mita 12.2, 'yan shekara 10 zuwa ƙasa daga mita 10.7. Kafin ta saki ƙwallo sai ta yi dogon taku gaba, wanda ke cin kusan mita 2 daga wannan tazara. A ce an maido mata da ƙwallo da gudun kilomita 95 a awa, wato mita 26 a daƙiƙa. Daga sanda zuwa fuskarta bai kai rabin daƙiƙa ba, kuma a lokacin jikinta bai gama dawowa daidai daga jifan ba, safar hannun tana can ƙasa gefen cinya.

Mai tsaron tasha ta uku da ta ɗaya su ma suna cikin haɗari iri ɗaya, domin duk lokacin da aka zaci mai bugu za ta ɗan dangwara ƙwallo ta faɗi kusa, koci yakan ce su matso. Idan mai bugun ta sauya shawara ta zabga da ƙarfi, sun riga sun shigo bakin wuta. A wajenmu akwai ƙari. Filayen makarantu da yawa jar ƙasa ce da tsakuwa, daga Nuwamba zuwa Afrilu ta bushe ƙamas. Ƙwallon da ke gangarowa a ƙasa sai ta ci karo da dutse ta yi tsalle zuwa baki ko hanci, daidai lokacin da yarinya ta sunkuya za ta ɗauka yadda aka koya mata.

Garkuwar kanta sassa huɗu ce: firam ɗin raga, soson goshi, ƙoƙon haɓa, da madaurin roba mai zagaya ƙeya, wanda galibi ake gyara tsayinsa da Velcro, wato ƙyallen nan mai manne wa juna da ake ɓantarewa a sake mannawa. Babu inda take taɓa hanci ko kumatu. Idan ƙwallo ta daki ragar, ƙarfin dukan yana rarrabuwa zuwa goshi da haɓa ta cikin soso, maimakon ya sauka a kan ƙashin hanci, haƙora ko kwarmin ido. Ana yin ta a girma biyu, na yara da na manya.

Ta ƙarfe, irin samfurin RIP-IT Defense, sandunanta sirara ne, shi ya sa ba sa tare gani sosai, musamman idan ana kallon ƙasa. Iska tana ratsa ta, abin da duk wanda ya taɓa tsayawa a fili cikin zafin Maris ya san darajarsa. Idan ta sha duka mai tsanani lanƙwashewa take yi, ido zai gani, a cire ta daga aiki. Aibinta guda biyu ne. Ta ɗan fi nauyi, kuma da zarar fenti ya ɓare a mahaɗar sanduna, gumi da laimar damina sai su kawo tsatsa. Idan aka bar ta a rana kuma ƙarfen yakan ɗau zafi, don haka a jefa ta ƙarƙashin inuwa ko cikin jaka tsakanin zagaye.

Ta roba mai tauri, irin samfurin Game Face, ba ta tsatsa, kuma yara ƙanana sun fi saurin yarda da ita. Amma don roba ta iya ɗaukar duka dole a yi sandunanta da kauri, kaurin nan kuma shi ke cin gefen gani. Ta fi riƙe gumi. Babban abin da ya sa ba mu fifita ta ba shi ne yadda take tsufa: rana tana cin roba a hankali, sai ta fara tsaga siririya kusa da inda madauri ke shiga, tsagar da ba a gani sai an ɗaga ta a haske an ɗan murɗa. A garin da ake ajiye kayan wasa a sito mai rufin kwano, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma ta magniziyam, wadda ta haɗa sirantar ƙarfe da rashin nauyi, sai dai makaranta mai ƙaramin kasafi ba ta buƙatarta.

Wajen ɗaurawa ake yin yawancin kuskure. A fara sa haɓa cikin ƙoƙon, sannan a kwantar da soson goshi sama da gira kaɗan, daga nan a ja madauri ya zauna ƙarƙashin tudun ƙeya. Idanu su faɗa tsakiyar buɗaɗɗen wurin gani, kada sanda ta gilma a gabansu. Sai a ce wa yarinya ta girgiza kai da ƙarfi, ta sunkuya kamar za ta ɗauki ƙwallo, ta ɗaga kai sama. Idan garkuwar ta zame ko ta juya, a ƙara ɗaurewa. A ƙarshe malami ya danna ragar da tafin hannu. Idan ta taɓa hanci, girman bai dace ba, ƙara matse madauri ba zai gyara ba. Garkuwar manya a fuskar 'yar shekara 9 tana sauka har ƙoƙon haɓa ya koma wuya.

Ga 'yan matanmu akwai maganar hijabi, wadda takardar kamfani ba ta ambata. Babban hijabi mai santsi yana sa madauri zamewa, kuma idan ya shiga tsakanin haɓa da ƙoƙon, garkuwar ba za ta kama ba. Ƙaramin hijabin wasa na auduga mai kama kai shi ya dace, a ɗaura garkuwar a samansa, a gyara madauri da hijabin a kai ba da kai tsirara ba. A cire duk wani fil ko allura daga ƙarƙashin haɓa da gefen kunne kafin a shiga fili. Kitso mai tudu a ƙeya, ko gashin da aka tufke a tsakiyar kai, shi ma yana ɗage madauri. A tufke shi ƙasa. Mai tabarau ta gwada da tabaraunta, a tabbata gilashin ba ya gogar ƙarfe.

Sai a kula da wani abu da ke faruwa idan kayan besbol da na sofbol suka haɗu a sito ɗaya. An auna ratar sandunan garkuwar nan ne da faɗin ƙwallon sofbol, kusan santimita 9.7 ga mai inci 12, da 8.9 ga mai inci 11. Ƙwallon besbol faɗinta bai wuce santimita 7.5 ba, ta kurket ma haka take ko ƙasa. Ƙaramar ƙwallo mai gudu tana iya kutsawa ta wurin gani ta isa ido. Haka nan mai cafewa da ke tsugune bayan mai bugu ba wannan ce garkuwarta ba, tana da nata cikakken kaya mai rufe kai da maƙogwaro. Mai bugu kuma hular kwano mai raga take sawa, mai ɗauke da hatimin NOCSAE, hukumar da ke tsara ma'aunin kayan kariya na wasanni a Amurka.

Ba kaya ba ne da ake tsinta a kowane shagon wasanni a Wunti, yawanci sai an yi oda ta intanet ko an ba wa mai zuwa waje sautu. Wannan ne ke sa wasu tunanin kai samfuri wurin mai walda. Kada a yi. Rodin gini ba irin ƙarfen ba ne, ɗigon walda yana ɓallewa, kuma sandar da ta karye ciki take nufa. Ta gwanjo ana iya saye idan firam ɗin bai lanƙwashe ba, babu tsatsa a mahaɗa, amma a ɗauka cewa soso da madauri sun mutu, a sauya su. Soson da aka danna da yatsa bai taso ba ya gama aiki. Velcro kuma ƙurar hunturu tana cika shi har ya daina kamawa. Tsohon buroshin haƙori yana fitar da ita. Soso a wanke shi da ruwa da sabulu, ya bushe a inuwa.

To, a tilasta ko a bar wa iyaye? A Amurka, inda wasan ya samo asali a Chicago a 1887, an daɗe ana wannan gardama. A 2017 hukumar wasannin sakandare ta jihar Kentucky ta wajabta kariyar fuska ga mai jifa da masu tsaron tasha ta ɗaya da ta uku, daga kakar 2018. Masu adawa suna cewa garkuwa tana rage gani kuma tana sa yara sakaci da safar hannu. Na farkon yana da ɗan ƙamshin gaskiya ga ta roba mai kauri. Na biyun aikin koci ne ya hana, kuma abin da aka fi gani a wurin masu koyo akasin haka ne: yarinyar da ke tsoron fuskarta ita ce ke kawar da kai ta rufe ido idan ƙwallo ta taso.

Mu muna tare da tilastawa a waɗannan gurabe uku, kuma ga 'yan ƙasa da shekara 12 a busasshen fili a haɗa da sauran biyun da ke tsaron ciki. Idan aka bar shi zaɓi, yarinyar da ta sa ita kaɗai za a ce matsoraciya ce, gobe sai ta bar ta a jaka. Masu tsaron can nesa ba sa buƙata. Ta fuskar kuɗi, cikin 'yan wasa 9 guda 3 ake magana (5 ga 'yan ƙasa da shekara 12), kuma tunda ƙungiyar da ke tsaron fili ce kaɗai ke sawa, ko atisaye ake tsakanin aji biyu ukun suna iya zagayawa, muddin an goge soso an sake gyara madauri ga kowace fuska. Makarantar da ke da hali ta sayi takwas, biyar na yara uku na manya.

Garkuwar ba ta rufe gefen kai, ƙeya ko maƙogwaro, kuma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza. Yarinyar da ƙwallo ta daka a raga, ko babu jini, a fitar da ita daga wasan ranar. Idan ta yi amai, jiri, gani biyu-biyu, ciwon kai mai ƙaruwa ko ta rikice da magana, a wuce da ita asibiti nan take, ita kuma garkuwar a duba kowace sanda kafin a sake ɗaura wa wata.